Yadda Ake Zaɓa da Shimfiɗa Ƙasar Harabar Masana'anta a Teburin Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Tambayar da ta fi yawan fitowa daga masu gina ƙaramin layin dogo a kan tebur ita ce ta abin da za a zuba a ƙasa bayan an kafa dogo, an kuma dasa gine-ginen masana'anta. Daji da gona ba su da wuya, domin ciyawa da bishiyoyi suna rufa wa mai aiki asiri, amma harabar masana'anta fili ce tsirara, duk abin da aka zuba mata ido zai gan shi. Mafi yawan teburan da ba su gamsar ba laifi uku ne ke damun su: tsakuwa ta yi girma, launi ya yi tsabta, kore ya yi yawa. Matakan da ke biye an tsara su ne bisa ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na ainihin girma, tare da kawo na ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, a inda bambancin ke da tasiri.

1. Tsayar da irin masana'antar da zamaninta

Kafin a sayi komai, a fara yanke shawarar abin da masana'antar ke sarrafawa, domin shi ne ke rina ƙasarta. Kamfanin siminti komai nasa fari-fari ne mai ruwan toka, har rufin kwano da ganyen ciyawa. Wurin sauke kwal baƙi ne, kuma baƙin yana raguwa ne a hankali yayin da ake nisa da tsibin. Ma'ajiyar man fetur galibi tsakuwa ce mai tsabta kewaye da tankuna, saboda ba a barin ciyawa ta tsiro a inda ake tsoron gobara. Filin tara tsofaffin ƙarafa ja ne saboda tsatsa, da tabon baƙin mai nan da can. Siton hatsi kuwa, zubewar ƙwaya a gefen dogo tana kawo tsiro da tsuntsaye, don haka ya fi sauran kore.

Zamani ma yana da nasa hukuncin. A lokacin jirage masu amfani da kwal, tokar da ake kwashewa daga tukunyar jirgi ita ake bazawa a filayen ajiye taragu da ƙananan layukan masana'antu, shi ya sa ƙasarsu take baƙi-baƙi mai laushi. Manyan kamfanonin jirgin Amurka sun gama barin kwal wajen 1960, Birtaniya kuma a 1968, kuma daga nan tsakuwa, kwalta da kankare suka riƙa mamaye wuraren. Wanda ya zuba toka a harabar kwantena ta zamani, ko ya shimfiɗa sabuwar kwalta a ƙarƙashin jirgin 1940, ya haɗa abin da bai haɗu ba. A nemi hotuna masu launi na wurin da ake kwaikwayo, musamman waɗanda aka ɗauka daga sama, a ajiye su kusa da tebur har a gama aikin.

2. Lissafa girman ƙwaya

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. A ma'aunin HO, milimita 1 a tebur daidai take da santimita 8.7 a fili. Ke nan ƙwayar yashin rafi mai milimita 2 ta zama dutse mai santimita 17, wanda ba a tafiya a kansa da ƙafa, balle a tura baro. A ma'aunin N abin ya fi tsanani, domin milimita 1 ta zama santimita 16.

Tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin babban layin dogo yawanci tana tsakanin santimita 3 zuwa 6. Idan aka raba da 87, ana neman ƙwaya mai milimita 0.35 zuwa 0.7, a ma'aunin N kuwa milimita 0.2 zuwa 0.4. Ta ƙananan layuka da filin ajiye taragu ta fi wannan ƙanƙanta, saboda ma'aikata suna yawo a kanta duk yini. Dalili ke nan da ya sa gogaggun masu wannan aiki suke sayen tsakuwar da aka rubuta wa N su zuba a harabar HO. Ƙasar da motoci suka daddanne kuwa, idan aka rage ta da 87, ba ta da ƙwayar da ido zai iya gani. Gari ce kawai, laushinta kamar na garin tuwo da aka tankaɗe sau biyu.

Hanyar gwaji mafi sauƙi ita ce a tsayar da ɗan mutum-mutumin ma'aikaci, wanda tsawonsa a HO bai wuce milimita 20 ba, a kan abin da ake son zubawa. Idan ƙwaya ɗaya ta kai girman takalminsa, ta yi girma ga haraba, sai dai a ajiye ta domin tsibin duwatsu ko bakin kwalbati.

3. Tara kayan aiki

Ana buƙatar rariya iri biyu ko uku: rariyar gari, matacin shayi na ƙarfe, da wani ƙyalle shara-shara irin na tsohon gyale wanda za a ɗaure a bakin gwangwani domin fitar da gari mafi laushi. Sai farin gam na kafintoci, wanda ake rubuta PVA a jikin robarsa, irin Top Bond da makamantansa, sifirit daga kemis, sabulun ruwa, sirinji marar allura, kwalbar feshi mai fitar da raɓa, ba mai tsartuwa ba, cokali, burushi mai laushi faffaɗa da wani siriri, tef na takarda, maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, fentin ruwa na bango mai launin ƙasa, fentin akirilik baƙi, fari da ruwan ƙasa, samfefa mai laushi, da allin zane mai launuka.

Ta fuskar kuɗi, ƙasa, garin dutse daga wurin fasa dutse da gawayi kusan kyauta ne, gam da sifirit ma ba su da tsada. Abin da ke cin kuɗi shi ne kayan da ake aikowa daga waje. Kwalbar tsakuwa ta kamfanin Woodland Scenics tana kaiwa dala 10 zuwa 20 kafin kuɗin aikowa, kuma na'urar dasa ciyawa ta manyan kamfanoni irin su Noch tana iya haura dala 100. A ganina, idan kuɗin bai isa komai ba, a sayi ciyawar zare kawai, wato gajerun zaruruwa masu launin ciyawa da ake tsayarwa a kan gam, domin ita ce ba ta da madadi mai kyau a gida. Tsakuwa da ƙasa, waɗanda aka tankaɗe da hannu sun fi na kanti kama da gaske, saboda launinsu a gauraye yake tun asali.

Gargaɗi: tsakuwar Woodland Scenics daga ɓawon 'ya'yan itace mai tauri ake niƙa ta, ba dutse ba ce, don haka ba ta da nauyi kuma tana tasowa kan ruwa idan ba a jiƙa ta sosai ba. Ta dutsen gaske, irin ta kamfanin Arizona Rock & Mineral, ta fi zama inda aka ajiye ta.

4. Shirya ƙasa da tsakuwa

A ɗebo ƙasa daga wuri marar taki da saiwoyi. A baza ta a tsohon faranti a sa a tanda mai zafin digiri 100 zuwa 120 na kusan awa ɗaya, ko a soya ta a tsohon kasko har ta bushe ƙarau. Wannan yana kashe ƙwan ƙwari da funfuna. Bayan ta huce a murje ta, a tankaɗe daga babbar rariya zuwa ƙarama, a zuba kowane mataki a robarsa, a rubuta a jiki. Haka za a yi wa garin dutse, sai dai shi a wanke shi tukuna idan ana son tsakuwa zalla. Gawayi a daka shi a tankaɗe, a gauraya da garin dutse rabi da rabi, shi ne zai ba da tokar kwal. Gawayi shi kaɗai ya yi baƙi da yawa, kuma yana yawo a kan gam.

Gargaɗi: kada a tsallake maganaɗisu. A sa shi cikin leda a ja shi a cikin kowace roba sau da yawa har ya daina kwaso baƙin gari. Injin ƙaramin jirgi yana da maganaɗisu a cikinsa, kuma duk ɓarɓashin ƙarfen da aka bari a ƙasa zai tsotse shi zuwa cikin injin da haƙoran giya.

Wanda yake kwaikwayon harabar wata masana'anta ta Kakuri a Kaduna ko tashar kaya ta Kano, jar ƙasar marmara ita ce kayan aikinsa, kuma tana nan a ƙofar gida, sai dai janta yana ƙara ƙarfi a ɗaki fiye da yadda ido ke ganinsa a fili, don haka a sassauta ta da farar ƙasa. Tsohon layin Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a HO ya fi dacewa da dogo mai milimita 12, ba mai 16.5 da aka saba ba. Wannan ma yana sa babbar tsakuwa ta ƙara fitowa fili.

5. Gwaji a kan kwali

A yanki kwali kamar tafin hannu guda huɗu ko biyar, a zuba kowane gauraye, a sa gam kamar yadda za a yi a tebur, a bari ya bushe. Ƙasar gaske tana ƙara duhu bayan ta sha gam, kuma ba ta komawa yadda take. A duba sakamakon a ƙarƙashin fitilar da za ta haska teburin, ba a tsakar gida ba. Idan ya yi duhu, a ƙara garin da ake cike tsakanin tayil da shi, mai launin toka ko ruwan madara, ko garin farin alli.

6. Daidaita doron tebur

Babban layi yana zaune ne a kan tudun tsakuwa mai kafaɗa, amma layin da ya shiga masana'anta a nutse yake, sau da yawa ƙasa ta kai saman katakan da ke gicciye a ƙarƙashin dogo, wani lokaci ma ta binne su. Saboda haka a ɗora babban layi a kan shimfiɗa mai kaurin kusan milimita 5, a sauko da layin masana'anta a hankali har ya kwanta a kan doron tebur. Saukar ta ɗauki aƙalla tsawon taragu biyu ko uku, in ba haka ba maƙalan taragu za su riƙa kuɓucewa. Tsakanin layi da layi a manna kwali mai kauri daidai da katakan dogo, domin kada a ɓarnatar da ƙasa wajen cike rami.

Daga nan a shafe ko'ina da fentin ruwa mai launin ƙasar da aka zaɓa, ta yadda ko wani wuri ya goge ba za a ga farin katako ba. Fentin kuma yana hana katako shan ruwa ya lanƙwashe. A fenta gefen dogo da launin tsatsa mai duhu tun yanzu, a goge samansa kafin ya bushe.

Gargaɗi: idan doron tebur na farin soso ne mai tauri, kada a kusanto shi da fentin mai ko na gwangwanin feshi, domin suna narkar da shi.

7. Kankare da kwalta kafin ƙasa

Wuraren da aka daɓe su ake fara yi, saboda a fili ma ƙasa ce ke hawa kan daɓe. Kankare ana yin sa da farantin roba mai santsi, kwali mai tauri, ko garin POP da aka zuba tsakanin sanduna biyu aka shafe da ruwa. A tsaga layukan da ke raba daɓen da bakin wuƙa. Faifan kankare mai mita 4 yana zama milimita 46 a HO, milimita 25 a N. Launinsa ba toka zalla ba ne, tsohon kankare yana da ɗan rawaya-rawaya, don haka a ɗiga ruwan ƙasa kaɗan a cikin fentin, a kuma bambanta faifai ɗaya ko biyu da sauran kamar an sake zuba su.

Kwalta tana fitowa da kyau daga samfefa mai lamba 400 zuwa 600, a manna ta a fente. Kuskuren da aka fi yi shi ne baƙin fenti. Kwaltar da ta shekara a rana toka-toka ce, baƙi sai a wurin faci.

Gargaɗi: inda dogo ya ratsa cikin daɓe, dole a bar rami siriri a gefen ciki na kowane ƙarfe domin leɓen taya ya wuce, kuma doron daɓen ya ɗan yi ƙasa da saman dogo. A tura tarago da hannu ya bi ta wurin kafin POP ya gama ƙamewa. Idan daɓen ya fi dogo tudu ko da kaurin takarda ne, zai ɗaga tayar jirgi, wuta ta yanke.

8. Zuba ƙasa da sa gam

A yi aikin yanki-yanki, kada yanki ya wuce kamu biyu. A rufe mahaɗar layuka, inda harsunan dogo ke motsi, da tef. A naɗe gindin kowane gini da siririyar leda a ajiye shi a mazauninsa, a zuba ƙasa har ta taɓa bango. Idan ta bushe sai a cire ledar, ginin ya zauna a cikin ƙasa. Baƙin layin da ke bayyana a ƙarƙashin ginin da aka ɗora kawai a kan ƙasa yana daga abubuwan da suka fi tona asirin tebur a hoto.

A filin da babu dogo, a shafa gam da aka ɗan tsinka da ruwa, a barbaɗa garin ƙasa ta cikin gwangwanin ƙyalle daga tsayin kamu ɗaya har gam ya ɓace. A bi da launi na biyu da na uku jefi-jefi: mai haske inda motoci ke bi, mai duhu a gindin bango da lungunan da ruwa ke kwanciya, launin kayan masana'antar a inda ake lodi. Kada a bar iyaka mai kaifi tsakanin tsakuwa da ƙasa. A barbaɗa gari a kan gefen tsakuwar har su shige cikin juna.

A kan dogo kuwa a busasshe ake zubawa. A zuba da cokali kaɗan-kaɗan, a baza da burushi, sannan a ƙwanƙwasa saman dogo da ƙotar burushin domin ƙwayoyin da suka hau katako su gangara. A duba gefen ciki na ƙarfe da kyau, kada ƙwaya ɗaya ta maƙale a wurin. Duk abin da ba a gyara ba a wannan lokaci, gam zai tabbatar da shi.

Sai jiƙawa. A fesa sifirit daga nesa, bakin kwalbar yana kallon sama, ta yadda raɓar za ta sauka da kanta ba tare da ta tura ƙasar ba, har wurin ya jiƙe zuwa ƙasa. Ruwa mai ɗigon sabulu ma yana yi, amma sifirit ya fi ratsa gari mai laushi. Nan take a bi da gam: kashi 1 na gam, kashi 3 na ruwa, da ɗigo biyu na sabulun ruwa. A ɗiga da sirinji daf da ƙasa, daga gefe, a bar shi ya bi jiƙar da kansa har wurin ya yi fari kamar an zubar da madara. Farin zai ɓace idan ya bushe. Idan aka ga gam ya dunƙule ya tsaya a sama yana kwasar ƙwayoyi, jiƙar ba ta isa ba, a tsaya a ƙara feshi. Idan kuma aka sa gam kaɗan, sama ce kawai za ta yi ɓawo, cikin ya zauna a sake, ya fashe daga baya.

A bar shi awa 24 ba tare da taɓawa ba. Da damina yana iya neman kwana biyu. Da hunturu yana saurin bushewa, amma a rufe shi da jarida saboda ƙura.

Gargaɗi: sifirit yana kama wuta, a buɗe taga, a kashe wutar dogo, a nisanci risho da kyandir. A mahaɗar layuka a rage tsakuwa sosai, kada gam ya kusanci sandar da ke jan harsuna, kuma a riƙa motsa ta lokaci-lokaci yayin da wurin ke bushewa.

9. Sawun taya, mai da tsatsa

Tun ƙasa tana da ɗan danshi, a tura ƙaramar mota mai ma'aunin teburin daga ƙofar shiga zuwa wurin lodi, a maimaita sau da yawa, a yi lanƙwasa inda direba zai juya. Bayan ta bushe, a goga hanyar da yatsa ko samfefa mai laushi. Wurin zai yi haske da santsi irin na ƙasar da aka daɗe ana takawa.

Baƙin mai ana yin sa da baƙin fenti da aka tsinka sosai, a ɗiga tsakanin ƙarafan dogo inda kan jirgi ke tsayawa, da gaban gareji, da gindin famfon mai. Tsatsa a kankare garin alli ne mai ruwan ƙasa da ja, a shafa da busasshen burushi a ƙarƙashin ganguna da tulin ƙarafa. Kududdufi kuwa, a fente ɗan lotsawa da launin laka mai duhu, a ɗiga man da ake shafa wa farce don ya yi sheƙi, marar launi. Biyu ko uku sun isa haraba guda, kuma a kwari ake sa su, ba a kan tudu ba.

10. Ciyawa

Ciyawar masana'anta tana fitowa ne a inda taya da ƙafa ba sa kaiwa: gindin katanga, ƙarƙashin shingen waya, bayan sito, kewayen turakun lantarki, tsagar tsohon kankare, da ƙarshen layin da aka daina shiga. Ciyawar zare mai milimita 2 daidai take da santimita 17 a HO, mai milimita 6 kuma ta haura rabin mita, don haka 2 da 4 su ne na yau da kullum, 6 sai a lungun da aka yi watsi da shi. A gauraya launin busasshiyar ciyawa kashi biyu da kore marar haske kashi ɗaya. A ɗiga gam ɗigo-ɗigo ba bisa layi ba, a dasa, a tsotse ragowar bayan ya bushe.

Wanda ba shi da na'urar dasawa yana iya haɗa ta da raket ɗin kashe sauro da matacin shayi na ƙarfe, amma tana jan mutum idan matacin ya taɓa hannu ko dogo, don haka a cire batir a sauke cajin kafin a taɓa ta, a kuma kwashe jirage daga tebur. Dogayen ciyayi ana samun su daga zaren igiyar rama ko gashin tsohon burushin fenti, a yanka gajeru a dasa tsilli-tsilli a cikin ɗigon gam. Garin katako da aka rina kore, wanda aka daɗe ana amfani da shi, ya yi kaushi ga irin wannan wuri, gara a bar shi.

Gargaɗi: tsakanin ƙarafan layin da jirgi ke bi, kada ciyawa ta wuce saman dogo, domin zaren yana naɗewa a gatarin taya da giya.

11. Share dogo da gwada jirgi

A cire tef, a tsotse duk ƙwayar da ba ta kama ba da injin shara wanda aka ɗaura wa ƙyalle a baki, domin a mayar da abin da ya taru cikin roba. A goge saman dogo da ƙyalle mai sifirit, inda gam ya ƙame a kankare shi da ɗan katako ko farce. Samfefa mai kaushi tana barin zane wanda datti zai riƙa taruwa a ciki. A bi gefen ciki na ƙarfe da tsinken sakace. Sannan a tura tarago mafi sauƙin nauyi da yatsa a kan kowane layi, ana sauraro: duk inda ya yi ƙara ko ya ɗan yi tsalle, akwai ƙwayar da ta rage. Sai an gama wannan za a sa kan jirgi, a tafiyar da shi a mafi ƙarancin gudu, gaba da baya, ta kowace mahaɗa da kowane daɓe. Inda ƙasa ta tsage ko launin fenti ya leƙo, a ɗiga sifirit, a barbaɗa gari daga robar da aka ajiye, a bi da ɗigon gam.